Neman Faifan Jaz a Guangzhou: Gaskiya ko Jita-jita?

Ƙanena yana zuwa Guangzhou sau biyu ko uku a shekara sarin wandunan jins da takalma. Duk harkarsa ba ta wuce titin Guangyuan ta Yamma, wanda 'yan kasuwa ke kira Guangyuan West Road, sai kuma unguwar Xiaobei inda yake kwana, inda kuma yake samun abincin halal. Ni kuwa tun ina saurayi nake tara fayafayan garmaho, musamman na kiɗan jaz, sha'awar da na gada daga wani kawunmu tsohon ma'aikacin reluwe. Wata rana yana shirin tafiya na miƙa masa takarda mai sunayen fayafayai goma. Ya ninke ta ya sa a aljihu ya ce, "Yaya, ka ɗauka an gama. Babu abin da babu a Guangyuan."

Kwana huɗu da saukarsa ya bugo mini waya. "Yaya, na hau bene na sauka har ƙafata ta kumbura. Duk wanda na nuna wa hoton sai ya ɗauko mini lasifika mai bulutut."

Tun daga ranar na shiga bin diddigin maganganun da ake yi a kan wannan harka, a bakin 'yan kasuwarmu da kuma bakin masu tara faifai. Wasu na da tushe, wasu kuwa ji ne kawai ya gaji ji.

"Babu abin da babu a Guangyuan"

Jita-jita ce. Titin yana arewa maso yamma da babbar tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, kusa da Sanyuanli, kuma abin da ya yi suna da shi tun farkon shekarun 2000 shi ne sarin sababbin kaya zuwa Afirka. Manyan gine-ginen kasuwa irin su Canaan da Tangqi da Bole cike suke da tufafi, takalma, jakunkuna da gashin kanti, ga ofisoshin masu awon kaya da masu lodin kwantena. 'Yan Najeriya sun yi yawa a wurin, musamman Ibo, yayin da Hausawa da sauran Musulmin Afirka ta Yamma suka fi karkata wajen Xiaobei da ginin Tianxiu. Kasuwa ce ta dozin da katan da dila. Mai neman tsohon faifai guda ɗaya da aka buga shekara sittin da suka wuce kamar wanda ya shiga Kantin Kwari ne yana cigiyar tsohon littafi.

Amma garin bai rasa abin ba, wurinsa ne daban. A tsohon gari, a gundumar Yuexiu, akwai wani ɗan titi da ake kira Taojie, wanda ya daɗe da suna wajen tsofaffin kayan lantarki: rediyo, amfilifaya, na'urar juya faifai, kaset, da fayafayan kansu. Maƙwabciyarsa kasuwar Jiangjun Dong ita ma haka. Wurin ba shi da nisa da Masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiya, wanda da yawa daga mutanenmu sun taɓa yin salla a ciki ba su san kasuwar faifai na bayansu ba. Masu neman kayan sauti masu tsada sukan nufi kasuwannin Haiyin. Akwai kuma tsohuwar al'adar garin ta kasuwar asuba, wadda suke kira tianguang xu, inda masu tsofaffin kaya ke baza haja a ƙasa tun da duhu su watse da gari ya waye. Wuraren cinta kan canza, sai an tambayi ɗan gari.

A nan zan tsaya in kawar da wata 'yar magana da na ji a bakin samari fiye da sau ɗaya, wai kalmar gwanjo daga sunan Guangzhou ta fito. Kunne ne ya haɗa su. Gwanjo tsohuwar kalma ce a bakinmu, 'yar'uwar gbanjo ta Yarbanci, ma'anarta sayar da kaya ga wanda ya fi tayi, kuma iyayenmu suna faɗinta tun kafin 'yan kasuwar Afirka su fara tururuwa zuwa Guangzhou a ƙarshen shekarun 1990.

"A Sin har cikin bola ake tsintar faifan Amurka"

Wannan kam gaskiya ce, ko in ce ta taɓa zama gaskiya, kuma labarinta ya cancanci a zauna a kansa.

A Amurka, idan kamfanin kiɗa ya buga kaset ko faifan sidi da yawa suka yi kwantai, yakan sa a tsaga gefen kwalin da zarto ko a huda shi, alamar an cire shi daga kasuwa. Daga farkon shekarun 1990 aka riƙa sayar da irin waɗannan kaya da sunan tarkacen roba, a loda su a kwantena zuwa lardin Guangdong domin a narke. Garin Heping da ke yankin Chaoyang na Shantou, a gabashin lardin, shi ne babbar matattara. Sai mutanen wurin suka lura cewa wannan shara tana magana. Kaset ɗin da zarto ya tsinke zarensa, a kwance shi a liƙe, ya ci gaba da waƙa. Shi kuwa faifan sidi daga tsakiya ake fara karanta shi a yi waje, saboda haka tsagar da ke baki ba ta cin komai sai waƙar ƙarshe ko biyun ƙarshe, wani lokaci ma ba ta taɓa komai ba.

Sinawa suka sa wa wannan kaya suna dakou, wato mai tsaga. Dillalai suka riƙa saye da awo suna tsincewa, suna kai wa Guangzhou da Beijing da Shanghai da sauran birane, ana sayarwa a lungu da araha. A lokacin da kiɗan waje da hukuma ke bari ya shigo bai taka kara ya karya ba, ta wannan ƙofa ce matasan Sin da yawa suka fara jin John Coltrane da Miles Davis tare da mawaƙan zamani na Turai da Amurka. Har ana kiran matasan wancan lokaci da suna zuriyar dakou, kuma wani masani ɗan Holan, Jeroen de Kloet, ya rubuta littafi a kan kiɗan Sin a 2010 wanda sunansa ma daga wannan tsaga ya samo asali.

Ina da irin wannan faifai guda ɗaya da ƙanena ya samo mini a tafiyarsa ta gaba. Tsagar ba ta fi faɗin ƙwayar shinkafa ba, ta ratsa kwalin roba ta ɗan ciji bakin faifan. Idan na sa shi, komai lafiya lau har sai an zo dab da ƙarshe, sai na'urar ta fara in'ina. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ban taɓa jin haushinsa ba, don na san irin tafiyar da ya yi kafin ya iso hannuna.

Sai dai wannan rijiya ta ƙafe. Saukar da kiɗa ta intanet ta fara kashe kasuwar tun shekarun 2000. A watan Yulin 2017 gwamnatin Sin ta sanar da hana shigo da nau'i 24 na shara, har da tarkacen roba, dokar ta fara aiki a farkon 2018, sannan daga 1 ga Janairun 2021 aka rufe ƙofar shigo da shara gaba ɗaya. Abin da ake gani yau ragowar tsohon kaya ne ke zagaye daga hannu zuwa hannu.

"Kowane tsohon faifai kuɗi ne"

Wannan ce jita-jitar da ta fi cin kuɗin mutane. Tsufa kaɗai ba ya sa faifai tsada. Abu uku ne ke yanke farashi: wane bugu ne, yaya lafiyarsa, kuma mutum nawa ke nemansa.

Ɗauki Kind of Blue na Miles Davis, wanda kamfanin Columbia ya fitar a 1959. Babu faifan jaz da ya kai shi suna, kuma a Amurka kaɗai an tabbatar da cinikin kwafi miliyan 5 zuwa 2019. Saboda an yi ta maimaita buga shi shekara da shekaru, yawancin kwafin da za ka tarar a kasuwa kuɗinsu kaɗan ne. A ɗaya gefen ga wani faifai na mai busa Hank Mobley da kamfanin Blue Note ya ɗauka a 1957, mai lamba 1568. Ba kowa ya san shi ba, amma kaɗan aka buga, don haka bugun farko mai lafiya yana kaiwa dubban daloli.

Yaya ake gane bugun farko? Ba a kwali ake ganewa ba, a jikin faifan ne. Ka fitar da shi, ka riƙe shi ta baki da tafin hannu biyu, kada yatsa ya taɓa inda allura ke bi. Ka karkata shi ga haske, ko ka haska da fitilar waya daga gefe. Tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya akwai wani fili mai santsi. A nan ake rubuta asirin faifai. Idan na Blue Note ne na wancan zamani za ka ga haruffa RVG, sunan Rudy Van Gelder, likitan gilashin ido da ya riƙa ɗaukar sauti a falon gidan iyayensa a Hackensack har zuwa 1959. Za ka kuma ga wata 'yar alama mai kama da kunne, tambarin masana'antar Plastylite da ke buga musu faifai har zuwa tsakiyar shekarun 1960, lokacin da kamfanin Liberty ya saye Blue Note. Sannan ka karanta adireshin da ke takardar tsakiya: 767 Lexington ya girmi 47 West 63rd, shi kuma ya girmi wanda aka rubuta New York USA kawai. Faifai biyu masu kwali iri ɗaya, waƙa iri ɗaya, wannan ɗan rubutu na iya raba farashinsu nesa ba kusa ba.

Lafiya kuwa, ko bugun farko ne, idan farcenka ya ji karce to allura ma za ta ji, kuma za ka riƙa jin ƙas, ƙas a kowane zagaye.

"Mai shagon bai san abin da ke hannunsa ba"

Kowane mai tara faifai yana mafarkin tsintar dami a kala. Yana faruwa jefi-jefi, amma kada ka sayi tikitin jirgi saboda shi. Tun 2000 akwai dandalin Discogs, inda ake ganin bugu daban-daban na faifai da farashin da aka saye shi a baya. Sinawa kuma suna da manhajar Xianyu ta sayar da kayan hannu. Dattijon da ke zaune a bayan kwalaye yana da waya kamar taka, kuma kafin ka gama danna tayinka a kalkuleta ya riga ya duba. Inda araha ta rage shi ne a tulin da bai samu sukunin tantancewa ba, da fayafayan mawaƙan da ba su yi suna ba amma kiɗansu na da daɗi. Wanda ke saye don kunnensa yakan dawo da murna fiye da wanda ke saye don riba.

"Duk kayan Guangzhou jabu ne"

Rabi da rabi. Fayafayan sidi na satar fasaha suna nan, wasu a cikin akwati mai ƙyalli da zai ruɗi ido. Amma da yawa daga tsofaffin fayafayan roba da ke yawo a kasuwannin Sin daga Japan suka fito, kuma bugun Japan ba jabu ba ne. Kamfanonin King da Toshiba EMI sun sake buga kundin Blue Note da izini a shekarun 1970 da 1980, da roba mai kyau wadda ba ta da ƙara. Alamarsu wata siririyar takarda ce da ake ɗaura wa kwalin kamar ɗamara, sunanta obi. A ganina, ga mai ƙaramin ƙarfi da ke son jin jaz da kyau, babu cinikin da ya fi wannan. Shi kansa dakou kayan asali ne.

Ga faifan sidi, juya bayansa ka dubi zoben tsakiya. Tun 1994 masana'antu masu rajista suke sa 'yar lamba da ta fara da IFPI. Rashinta a faifan da ya girmi wannan shekara ba laifi ba ne, samunta kuma ba hujja ce yankakkiya ba, amma idan bayan faifan yana da launin kore ko shuɗi, rubutun kwalin kuma ya yi dishi-dishi, to a kwamfuta aka kwafe shi. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne cinikin biri a sama, wato a turo maka hoton kwali kawai ka tura kuɗi.

"Faifan roba ya fi komai sauti"

Ina son faifan roba, amma ba zan rantse a kan wannan ba. Kyan sauti ya dogara ga yadda aka ɗauki kiɗan, yadda aka yanka faifan, da lafiyar allurarka. Faifan roba yana da iyakarsa: kowane gefe ba ya ɗaukar fiye da minti ashirin da 'yan kai ba tare da sauti ya ragu ba, kuma waƙoƙin da ke kusa da tsakiya ba su kai na baki tsabta ba. A 2022 ta bayyana cewa kamfanin Mobile Fidelity na Amurka, wanda masu kunnen jin sauti ke yabo, ya shafe shekaru yana bi da sautin ta kwamfuta kafin ya yanka fayafayansa masu tsada, kuma masu cewa kunnensu na rarrabewa ba su gane ba sai da aka faɗa. Abin da ke tabbas shi ne mutane sun dawo wa faifan: a shekarar 2022 an sayar da na roba miliyan 41 a Amurka, na sidi miliyan 33, karo na farko da na roba ya wuce tun 1987. Wannan ne ma ya sa farashin tsofaffin ya tashi.

"In ka saye, sauran mai sauƙi ne"

A nan mutanenmu suka fi yin asara. Guangzhou gari ne mai laima, kuma tsakanin Fabrairu da Afrilu akwai lokacin da bango ke zufa, suna kiransa huinantian. Faifan da ya kwana a sito a irin wannan yanayi yakan yi fumfuna. Shinshina kwalin kafin ka biya. Ana wanke fumfuna da ƙura da ruwan da aka tace da tsumma mai laushi, a bi zagayen layin. Kananzir da fetur da garin sabulu ɓarna suke yi, kuma babu wankin da ke cire karce. Tsohon faifan garmaho mai zagaye 78 a minti, wanda ke fashewa kamar tangaran, kada sifirit ya taɓa shi, narkar da shi yake yi. Haka kuma kada a ɗora babban faifan roba, irin wanda Columbia ta fito da shi a 1948, a kan garmaho mai wani da allurar ƙarfe. Sau ɗaya ya isa ta nome shi.

Sai ɗauka. Faifai ɗari da kwalayensu sun cinye jaka mai kilo 23, ko su ɗara. Idan ka ce kwantena, tafiyar teku ta wuce wata guda, ga zaman tashar ruwa, ga doguwar hanya zuwa Arewa a cikin akwatin ƙarfe. Roba ba ta jure zafi. Ko a Kano, faifan da aka manta a mota a rufe a watan Afrilu zai lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana. A jere su a tsaye, kada a kwantar da wani a kan wani, kuma a hunturu a rufe su saboda ƙura.

Na'urar ma akwai tarko. Wutar Sin da tamu kusan ɗaya ce, volt 220 zuwa 230, mai bugu 50 a daƙiƙa. Amma tsohuwar na'urar da aka yi don gidajen Japan 100 take sha, ta Amurka 120. Ka jona ta kai tsaye, ta ƙone. Sai da taransifoma mai rage wuta. Wasu na'urorin kuma da bugun wutar suke auna gudunsu, saboda haka wadda aka yi don bugu 60 za ta riƙa jan waƙa a hankali a gidanka. Duba farantin da ke bayanta kafin ka yi tayi.

"Jaz ai kiɗan Turawa ne, me ya haɗa mu?"

Wannan ce ta fi yi mini ciwo, kuma jita-jita ce tsagwaronta. Baƙaƙen fatar Amurka ne suka haifi jaz a New Orleans a farkon ƙarni na 20, jikokin waɗanda aka kwasa daga wannan yanki namu. Da yawa daga manyansa sun musulunta: Art Blakey ya zama Abdullah ibn Buhaina, ga Ahmad Jamal, ga Yusef Lateef. A 1960, jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, Louis Armstrong ya zo Najeriya, har akwai hotonsa da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. A 1962 Blakey ya fitar da The African Beat a Blue Note tare da makaɗin Najeriya Solomon Ilori, kuma Lateef na cikin masu busa a faifan.

Shi Yusef Lateef a Zariya ya zauna. Daga 1981 zuwa 1985 yana babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya nazarci sarewar Fulani. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa, ya fito a 1987. Ya ɗauki faifan In Nigeria a Legas a 1983, kuma a shekarar ce aka fitar da wani faifan nasa mai sunan Hausa, Hikima, wanda ya yi da makaɗan gida. Ya yi wuyar samu har sai da aka sake buga shi a waje a 2019. Bugun farkonsa, in za a same shi, ya fi kusa da wani tsohon gida a Samaru fiye da kowane shago a Taojie.

Ga kuma Mamman Sani na Nijar, wanda ya ɗauki kiɗansa na molon lantarki mai madannai a 1978, aka yi kaset kusan ɗari kacal. Shekaru ana jin sautin a rediyo da talabijin na Nijar, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga shi a faifan roba, duniya ta sani. Haka masu farautar faifai daga Turai da Amurka suka yi ta zuwa Legas da sauran garuruwa suna kwashe fayafayan shekarun 1970 da araha. Fayafayan Alhaji Mamman Shata da kamfanin EMI ya buga a Najeriya, da na Ɗan Maraya Jos da tsararrakinsu, da kaset ya shigo sai aka tura su ƙarƙashin gado, wasu yara suka yi wasan gare da su, wasu aka ƙone da shara.

Kai da ke karanta wannan, idan akwai adakar mahaifinka ko ta kakanka da ba a buɗe ba tun rasuwarsa, don Allah ka buɗe ta. Idan ka ga faifai, kada ka wanke shi da komai tukuna, kada kuma ka ba ɗan gwangwan. Ka tsayar da shi a inuwa, ka rubuta sunan mawaƙin da lambar da ke takardar tsakiya, sannan ka nemi wanda ya san kan abin ya duba maka kafin ka sallama wa kowa.